Bayan an kwashe su daga azuzuwa, ina suka koma?

A damina ta 2024 gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wasu azuzuwan ruwa ya kayar da su, wasu kuma cike suke da iyalai, da tabarminsu da tukwanensu. Alƙaluman hukuma na ƙarshen daminar sun ce mutum kusan 400 suka rasu, ambaliyar ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, gidaje fiye da 150,000 suka faɗi. A birnin Maradi, ruwan yini guda a ƙarshen Agusta ya kashe aƙalla mutum 15. A Damagaram har tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, bai tsira ba.

Ranar 28 ga Oktoba yara suka koma aji. Waɗanda suka kwashe kayansu suka ba su wuri fa? Daga ranar labarinsu ya fita daga rediyo.

Mu da muka yi karatu da Faransanci, idan aka ce "sans-abri", hoton da ke zo mana shi ne na mutum kwance a kan kwali ƙarƙashin gada a birnin Paris. In da wannan mudu za a auna, sai a ce matsalar ƙarama ce a Nijar: almajirai da ke kwana a tasha, ƴan ci-rani da ke shimfiɗa a ƙofar shaguna, da masu taɓin hankali. Amma rashin muhalli a nan wata kama gare shi, kuma Hausa tana da sunansa: raɓe. Mutum na raɓe a zauren yayansa. Bazawara da ƴaƴa huɗu na raɓe a ɗakin uwarta. Iyali na zaune cikin kangon da ba ƙofa ba taga, da sunan gadi, har ranar da mai shi zai samu kuɗin rufi. Wani ya kafa bukka a filin wani, yana sane cewa duk ranar da motar yashi ta juye kaya a wurin, tashi ya zo. Duk waɗannan ba sa kwana a titi, don haka ba sa shiga lissafi. Amma ba wanda zai iya rantsuwa a cikinsu cewa wata mai zuwa nan zai kwana.

Zumunci ne ke rufa wannan asiri, kuma abin godiya ne. Sai dai shi ne kuma ke sa hukuma samun barci, tun da nauyin ya sauka daga kanta ya koma kan dangi, waɗanda su ma da ƙyar suke.

Ana cewa ruwa ne ya raba mutane da gidajensu. Gaskiya ne, amma ruwan ba kowane gida yake kayarwa ba. Yana samun ginin laka, a kwari, a bakin gulbi ko kan tsohuwar hanyar ruwa. Ba kuma don son wurin talaka ya zauna can ba. Filin tudu mai takarda ya daɗe da zama haja: mai hali ya sayi uku ko huɗu, ya kewaye, ya bar su suna jiran tsada. Gwamnati da kanta ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashi da filaye a farkon shekarun 2000, ma'aikatun magajin gari kuma sun daɗe suna ɗaukar yanka filaye a matsayin hanyar samun kuɗin shiga. Wanda ba ya cikin wannan kasuwa sai ya gangara inda ba mai so.

Sai maganar kayan gini. A watan Oktoban 2024 shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar rage kuɗin siminti da kusan kashi 35 cikin ɗari, tan guda ya koma jika 55 a Yamai. Mataki ne mai kyau, masu gini sun ji daɗinsa. To amma albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar jika 42 ne. Wato mai wannan albashi, ko da bai ci bai sha ba wata guda cur, bai sayi buhu 20 ba. Mai turin kura da mai tallar ƙosai kuwa ko wannan albashin ba su da tabbacinsa. Bankin gidaje da aka buɗe a ƙarshen 2018 ma, kamar kowane banki, takardar albashi ko jingina yake tambaya. Shi ya sa bayan kowace ambaliya za ka ga mutane na kwaɓa ƙasar ɗakin da ya faɗi, suna sake ɗora ta a daidai inda ta faɗi.

Akwai wanda ya fi kowa shiga uku a nan, ba a kuma cika ambatonsa ba: ɗan haya. Mai gida ko ɗakinsa ya rushe, filinsa na nan. Ɗan haya ba shi da ko tubali ɗaya a wurin. Ga shi ɗakunan haya sun ragu a unguwa, masu nema sun ƙaru, sai kuɗi ya hau, a ce kuma sai ya ajiye na wata biyu ko uku kafin a ba shi makulli. Na san wani magidanci a unguwarmu da abin ya kai shi ga rarraba iyalinsa: uwargida ta koma gidan iyayenta, yara biyu aka kai ƙauye wurin kaka, shi kuwa yana kwana a shagon da yake wa aiki. Ba saki aka yi ba, ba faɗa. Amma yaran da aka kai ƙauye shekarar karatu ta wuce su, kuma auren da miji ke zuwa gaida matarsa a zauren surukai kowa ya san ba ya daɗewa lafiya. A gidajen da aka cunkushe kuwa, yarinyar da ta fara tasawa ita ake fara nema wa miji, don a samu wurin shimfiɗa.

Tayar da mutane daga kwari ba sabon tunani ba ne. Maradin da muke gani yau a kan tudu, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka hau da ita can. Abin lura shi ne gari ne ya tashi gaba ɗaya, da kasuwarsa da sarautarsa. A Yamai, bayan ambaliyar 2012, an ba mutanen bakin kogi filaye a Seno. Da yawa sun koma inda suka fito, domin garkarsu da kifinsu da cinikinsu duk suna bakin ruwa, kuma fili ba ɗaki ba ne. A 2020 kogin Isa ya kai mita 7 a Yamai, ya fasa madatsa, ya sake shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoye.

Don haka a ganina, buhun shinkafa da bargo da gidan sauro, duk da amfaninsu, agajin makon farko ne. Abin da ya kamata ƴan birni su tambayi magadan garinsu kafin hadari ya sake haɗuwa ya fi haka sauƙin faɗi: cikin filayen da za a yanka bana, nawa aka ware wa waɗanda gidajensu suka faɗi, a wane nisa da kasuwa, akwai famfo ko babu? Magudanun da shara ta toshe, yaushe za a yashe su? Kuma idan masu ƙidaya suka zo da takardunsu, sunan wa za su rubuta, mai ginin ko wanda ke kwance a ciki daren da bango ya faɗi?