Maigida, Yaushe Rabon Matarka da Barci?

Tun kafin ladan ya yi kiran assalatu matar aure take tashi a yawancin gidajenmu. Ta hura wuta, ta ɗora ruwan wanka, ta dama koko, ta shirya yara zuwa boko, ƙaraminsu yana goye a bayanta. Kafin ta gama shara da wanke-wanke lokacin ɗora sanwar rana ya yi, 'yan boko su dawo ta juya su zuwa Islamiyya, sai wanki, sai tuwon dare. Idan aka kawo wuta ƙarfe ɗaya na dare, ita ce za ta tashi guga. Jariri ya farka sau uku, ita ce. Haka za ta yi shekara da shekaru. Ranar da ta fara kuka ba dalili, ko ta daina magana, ko ta daka wa yaro tsawar da ba ta saba ba, sai gida ya ɗauka: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu aka yi mata, uwar miji ta ce raki ne da son jiki irin na 'yan matan zamani. Da wuya ka ji wanda zai tambaye ta awa nawa ta yi tana barci a daren jiya.

Wannan abu yana ƙona mini rai, domin zalunci ne da muke aikatawa da rana tsaka, kuma muka lulluɓe shi da sunan tarbiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu takan gamu da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari ciwon damuwa. Ka tsaya ka ƙirga gidajen da aka yi suna a layinku bana. Ka raba biyar. Waɗannan matan suna nan, mun je mun ci tuwon sunansu, mun yi barka, mun fito mun bar su da abin da ke cin su.

Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara. Wanda aka daɗe ana yanke masa barci fushinsa yana kusa, mantuwa ta yi masa yawa, ƙaramin abu ya zame masa dutse, kuma ƙofar ciwon damuwa da fargaba a buɗe take gare shi. Ba sai an je Turai an koyo wannan ba. Duk direban da ya kwana a hanyar Legas ya san yadda kansa yake yi washegari. To ita da take irin wannan kwanan kullum fa? Maigida ya san ranar da zai kai babur ɗinsa a yi masa juye, ba ya bari ta wuce, domin ya san injin zai buga. Amma uwar 'ya'yansa yana ganin za ta yi ta tafiya a haka har abada.

Abin takaicin shi ne kakanninmu, da muke yi wa kallon ba su yi boko ba, sun fi mu fahimtar wannan. Mai haihuwar fari gida take tafiya wanka, ta yi kwana arba'in ba ta ɗaga tukunya ba, uwa da goggo da kaka suna karɓar jariri ta samu ta runtsa. Wadda ta haihu a ɗakinta ma akan turo mata wata tsohuwa ta zauna da ita. A babban gida aiki rabawa ake yi tsakanin faccaloli, ana daka ana lugude ana hira, ana kitso a tsakar gida ana fitar da abin da ke cikin ciki. Ban ce zaman nan ba shi da nasa rigingimun ba, kuma wasu al'adun jego, irin su yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta, likitoci sun nuna suna yi wa zuciya illa. Amma mace ba ta zama ita kaɗai. Yau mun ɗauko yarinya 'yar shekara goma sha tara mun ajiye ta a ɗaki da falo na haya a wata sabuwar unguwa, mun ja ƙofa, mun fita tun safe sai goma na dare. Shi maigida yana da majalisa, a nan yake shan shayi, ya yi musun ƙwallo da na siyasa, ya sauke abin da ke kansa. Ita kuwa bango huɗu ne da waya, idan ma ya bar mata wayar. Muka zubar da tallafin da al'ada ta tanada, muka riƙe takurar kaɗai.

Ta ce za ta je gidansu ta wuni, a ce ta cika yawo. Ta shiga maƙwabta, a ce za a ɓata ta. Ta kwanta da rana, a ce malalaciya ce. Alhali waɗannan su ne magungunan da ba a saye da ko kwabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa a kwana biyar, kuma bincike da dama sun nuna hakan yana rage damuwa. Kada wani ya ce mini aikin gida ma motsa jiki ne. Sunkuyo a kan bahon wanki cikin hayaƙin itace daban, fita a sha iska a ga hasken rana a gaisa da mutane daban.

Sannan mu dawo muna salati don an ce matan aure suna shaye-shaye. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna amfani da ƙwaya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC ya tona yadda ake kwankwaɗarsa. An hana kwalba, to, amma wa ya tambayi abin da ya kai matar aure ga kwalbar? Da yawansu barci suke nema, da awa biyu da zuciya za ta yi shiru. Abin da muka hana su ta halal, shi suka je nema ta hanyar da za ta hallaka su.

Kuma kada a fake da addini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdullahi ɗan Amru azumin kullum da tsayuwar dare baki ɗaya, saboda jiki da ido da iyali kowanne yana da haƙƙi. Idan ibada ma an yi mata iyaka don jiki ya huta, ina ga wanki da guga? Nana A'isha ta ba da labarin cewa yana taya iyalinsa aikin gida. Malamanmu sun san wannan sarai. Ina roƙonsu, yadda suke ɗaga murya kan biyayyar mace, su ɗaga ta kan haƙƙinta na hutu. Haƙuri ibada ne, na yarda, amma wanda ya ɗora wa mutum kayan da ya fi ƙarfinsa sannan ya ce masa ya yi haƙuri, shi ne ke da tambayar amsawa gobe ƙiyama.

Gwamnati ma ba ta fita ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa 300. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 tun zamanin Turawa. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari da ke Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane ɗaruruwa a kulle, wasu da mari a ƙafa. Inda kulawa ta yi ƙaranci haka, sakaci da rigakafi a cikin gida ganganci ne.

Ban ce barci da tafiya da zumunci suna warkar da kowace larura ba. Idan mace ta haura mako biyu cikin baƙin ciki, ba ta cin abinci, ba ta sha'awar komai, ko ta fara faɗin gara ta mutu, ko tana jin za ta cutar da jaririnta, wannan maganar asibiti ce a ranar, ba gobe ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. A yi addu'a, a kuma kai ta ga likita. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Amma kafin a kai can, Malam maigida, abin da ke hannunka ba kaɗan ba ne. Ka karɓi jaririn nan bayan sallar asuba ta ƙara awa ɗaya. Ka dawo daga majalisa da wuri ka zauna ka saurare ta, ba tare da ka mai da kukanta wa'azi ba. Ka bar ta ta je gidansu, ka fita da ita ku taka da yamma. Hajiya uwar miji, ke ma kin sha wannan wahalar, kin san ɗacinta. Kada ki gadar wa 'yar wani ita. Ke kuma 'yar'uwa, idan yara sun tafi makaranta ki ajiye wayar nan ki yi ƙailula, wanke-wanken zai jira ki. Idan abin ya yi miki nauyi ki faɗa wa wadda kika yarda da ita, in ba a saurare ki ba ki sake faɗa wa wata, har sai an kai ki inda za a duba ki.