Ɓargon Saniya a Cikin Kwalba

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san daɗin ɓargo a miya. Amma a jikin saniya mai rai, cikin ɓargo ne jini yake samuwa, daga nan kuma fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suke fitowa.

Masu bincike sukan ɗebi ɓargo kaɗan daga ƙashin saniya, su sa a kwalba tare da ruwan da zai ciyar da shi, su ajiye a wuri mai ɗumi kamar jiki. Cikin mako ɗaya ko biyu ƙwayoyin sun girma, sun zama masu haɗiye cuta. Sa'an nan a zuba musu ƙwayar cuta a ga yadda za su yi da ita, ba sai an sa wa garke ciwo ba.

Wani zai ce, ina ruwan mai shanun huɗa da wannan? Mu tuna da bushiya. Allurar da ta gama da ita, a kwalba Dokta Walter Plowright ya shirya ta a Kenya, a kan ƙwayoyin ƙodar maraƙi. Bushiya ta komo ƙasarmu a 1983, ta kashe shanu da yawa, amma a 2011 aka sanar babu ita a duniya.

Sammore kuwa har yau ba shi da allurar rigakafi irin ta bushiya, gama ƙwayarsa takan sake riga kafin jiki ya gane ta. Yana shanye jinin dabba. Shi ya sa ake duban ɓargo, a gane abin da ya sa muturu take jurewa, bunaji kuwa ta rame. Ma'aikatar binciken sammore tana nan Kaduna.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar gama kai abu biyu. In ma'aikatan dabbobi sun zo ɗiban jini, kada mu ɓoye shanunmu. Na biyu, kada mu sayi allura hannun mai talla. Akwai magani, kamar Berenil da Samorin, amma likitan dabbobi ne zai auna, gama in an rage awo cutar takan saba da shi. Bijimin da aka saya da bashin ƙungiya, in ya mutu, dukanmu ne muka yi hasara.

Ubangiji ya ba mu amanar dabbobin nan. Bari mu riƙe ta da kyau.