Sharhi: Kada a ƙwace wa mai ciwon daji fartanyarsa da rediyonsa

A Unguwar Gai da ke ƙaramar hukumar Kibiya, kamar sauran garuruwan ƙasar Rano, ranar da aka dawo da mutum daga asibitin birni da takardar gwaji mai cewa ciwon daji ne, abu na farko da ake yi masa shi ne shimfiɗa. A share ɗaki, a jawo katifa, a saki labule. Daga nan sai a fara karɓe masa ayyukansa ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa ya karɓi ban ruwan lambu. Idan mace ce, kishiya ko suruka ta karɓi tukunya da kiwon kaji. A rage muryar rediyo ko a kashe ta gaba ɗaya, wai kiɗa bai dace da gidan da ake jinya ba. Idan ya yunƙura zai leƙa awakinsa, mutum uku za su haɗa baki su ce: "Haba Baba, koma ka kwanta."

Duk wannan ƙauna ce, babu mai musu. Sai dai ƙauna ce da ke iya cutarwa, kuma ya kamata iyalai da ma'aikatan lafiya su sake duba ta.

Ciwon daji, ko kansa, ya daina zama cutar da ake ji daga nesa. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 sama da mutum dubu 127 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan dubu 80 kuma suka rasu. Kansar mama ce kan gaba, sai ta mafitsarar maza da ta bakin mahaifa. Mutumin Kibiya da aka gano masa cutar yakan yi ta zarya zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wani lokacin kuma a tura shi Shika a Zariya ko Abuja domin gashi da na'ura.

To a yi lissafi. Magungunan kemo da yawa ana ƙara wa mutum su ne sau ɗaya a kowane mako uku, zagaye shida ko takwas. Wato a cikin kwana 21, yini guda ne yake gaban likita, sauran kwana 20 yana gida. Yinin nan guda an tsara shi dalla-dalla: gwajin jini, awon nauyi, ƙarin ruwa, ranar dawowa. Kwana ashirin ɗin da suka rage kuwa babu wanda ya rubuta masa komai a kansu sai ƙwayoyin hana amai. Gida ne ke cike gurbin, kuma abin da gida ya sani shi ne kwanciya da ’yan dubiya.

Dubiya kanta abin a tsaya a kai ce. Zumunci ne, kuma mara lafiyar da ba a zuwa duba shi abin tausayi ne. Amma a yi tunanin mutumin da wata biyar cur ba ya jin wata magana sai "sannu" da "ya jiki". Da can ana zuwa wurinsa neman irin albasa, ana tambayarsa yaushe ya kamata a dasa tumatir, ana gardamar farashin taki da shi a gindin bishiya. Yanzu kowa ya shigo sai ya sassauta murya. Wasu ma, don rashin lura, sai su ɗauko labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe bara. Tun yana da ransa an sallame shi daga cikin masu amfani.

Abin da bincike ya nuna

Gajiyar da kemo ke kawowa daban take da gajiyar noma. Barci ba ya kore ta, kuma yawan kwanciya ƙara ta yake yi, domin naman jiki na zubewa idan ba a motsa shi. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa a riƙa ba masu karɓar magani shawarar motsa jiki daidai ƙarfinsu, saboda yana rage gajiya, yana kuma kare ƙarfin jiki.

A watan Yunin 2025 aka wallafa wani bincike da likitocin Kanada suka jagoranta a kan mutum 889 masu kansar babban hanji waɗanda aka yi wa tiyata suka kuma kammala kemo. An raba su gida biyu. Rukuni ɗaya an ba su takardun wayar da kai kawai, ɗayan kuma an haɗa su da mai horarwa na tsawon shekara uku, kuma akasarinsu tafiyar ƙasa da sauri suka zaɓa. Bayan shekara takwas, kashi 90 cikin 100 na masu motsa jikin suna raye, a ɗaya rukunin kuwa kashi 83. Binciken a kan nau'in kansa guda ne, kuma bayan an gama kemo ne, don haka kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Duk da haka ya isa ya sa mai cewa "koma ka kwanta" ya yi tunani sau biyu.

Shi ma lambu an gwada shi. A jihar Alabama ta Amurka an bai wa wasu daga cikin dattawa 381 da suka yi jinyar kansa iri da kayan aiki da mai koya musu shuka. Sakamakon da aka fitar a 2024 bai kai babban mizanin da masu binciken suka sa wa kansu ba, amma masu lambun sun ƙara cin ganye, tafiyarsu ta ƙara ƙwari, sun kuma fi jin cewa suna da lafiya. A Birtaniya kuwa, wata mai tsara lambuna, Maggie Keswick Jencks, da aka shaida mata cewa kansar mamanta ta dawo, ta ƙarasa rayuwarta tana tsara wurin da masu cutar za su zauna kusa da asibiti, mai ɗakin girki da lambu. Ta rasu a 1995, aka buɗe cibiyar farko a Edinburgh a 1996, yanzu kuma cibiyoyin sun bazu a ƙasar.

Abin da Turawa ke kashe kuɗi su gina, a Kibiya yana bayan ɗaki.

Lambun sha'awa da lambun dole

A nan ne dole a yi gaskiya. Bature idan ya ce lambu, furanni yake nufi da abin ɗebe kewa. A kudancin Kano, inda madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako ta mayar da noman rani sana'ar dubban gidaje a Kura da Bunkure da kewaye, lambu abinci ne, kuɗin makaranta ne, sau da yawa ma shi ne kuɗin kemon kansa. Saboda haka akwai magidancin da ba a hana shi aiki, talauci ne ma ke tura shi fadama kwana uku bayan ƙarin ruwa, cikin rana tsaka, da injin feshi a bayansa. Wannan ba shi ake kira a yi ba. Wannan ganganci ne da rai, kuma nauyin dangi ne su ɗauke masa.

Abin da ake nufi ƙarami ne. Kwami biyu ko uku na alayyahu da rama da yakuwa a bayan gida. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti da aka cika da ƙasa aka shuka attaruhu. Ban ruwa da buta da sassafe ko bayan la'asar. Idan gonar babba ce, a kai shi a kan babur ya zauna a inuwa ya ba da umarni, domin sanin ƙasar a kansa yake, kuma tambayar da yaro zai yi masa, "Baba, a sake ruwan ko a bari sai gobe?", ta fi "ya jiki" goma amfani.

Akwai sharuɗɗa, kuma ba na wasa ba ne. Kemo na karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, yawanci sun fi yin ƙasa tsakanin kwana na 7 zuwa na 14 bayan ƙarin ruwan. A wannan tsakanin ƙaramin yanka na iya zama babbar matsala. Ƙasa da takin gargajiya cike suke da ƙwayoyin cuta, don haka sai da safar hannu da takalmi rufaffe, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, a kuma bar wa wani juya taki da kwasar turke. Mai kiwon tattabaru ya watsa musu hatsi ya yi kallonsu, amma sharar akurki ba tasa ba ce, domin busasshen kashin tsuntsu na ɗauke da ƙwayar cutar da kan kama masu raunin garkuwar jiki. Matar da aka cire wa mama tare da kaluluwar hammata ta kiyaye hannun wannan ɓangaren daga ƙaya da yanka, saboda yana saurin kumbura. Wasu magungunan na sa fata ta kasa jure rana, wasu na kashe jin yatsu har mutum ya yanke bai sani ba. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙashi kada ya ɗauki jarkar ruwa. A kuma kula da ruwan da ke kwanciya a bokitai, kada a yi kiwon sauro a ƙofar ɗakin mara lafiya.

Zazzaɓin da ya kai maki 38 a ma'aunin zafi ga mai karɓar kemo kuwa, ba a jiƙa masa saiwa, ba a jira gari ya waye. Asibiti ake nufa.

Wani abin kuma da ya kamata a faɗa ƙarara: zogale da sauran ganyen lambu abinci ne mai kyau, amma ba sa warkar da kansa. Tsohuwar maganar nan ta cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe ta sa mutane da yawa sun zauna a gida har ciwon ya ci ƙarfinsu. Fartanya tana tafiya ne tare da katin asibiti, ba ta maye gurbinsa.

Batun kiɗa

Wannan shi ne ya fi jawo ka-ce-na-ce a gidaje. A 2021 masana sun tattara gwaje-gwaje 81 da aka yi a kan masu kansa sama da 5,500, suka ga alamun cewa sauraren kiɗa da waƙa na rage fargaba da damuwa da zafin ciwo da gajiya, ko da yake sun yi gargaɗin cewa ingancin gwaje-gwajen ya bambanta. Ba sai an je Turai ba kafin a gane haka. Macen da ta yi shekara arba'in tana daka da waƙa a bakinta, ta halarci kiɗan ƙwarya a bukukuwa, ta san amadar Barmani Choge tun tana amarya, me aka tsare mata idan aka hana ta ji? Dattijon da kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ke mayar da shi ƙuruciya, awa uku da zai yi ƙarin ruwa na ɗiga a jijiyarsa za su fi yi masa sauƙi da abin sauraro a kunne.

Akwai gidajen da ba sa sauraren kiɗa bisa fahimtarsu ta addini, kuma babu mai tilasta musu. Suna da karatun Alƙur'ani, da ƙasidu, da Imfiraji ta Aliyu Namangi, da littattafan Hausa da ake karantawa a rediyo da waya. Abin lura shi ne zaɓin na mara lafiya ne. Wanda a da yake kunna Ɗanƙwairo kowace yamma, bai kamata ranar da ya kwanta ciwo a yanke masa hukuncin cewa daga yau sai shiru ba. Shirun nan da kansa saƙo ne, kuma yana gane abin da ake nufi da shi.

Haka abin yake ga sauran abubuwan hannu. Mai ɗinkin hula a bar masa allurarsa muddin yatsunsa na ji. Mai saƙar faifai a kawo mata kaba. Mai dara a zo ƙofar gida a yi da shi, kuma kada a bar shi ya ci don tausayi, zai gane. Saurayi mai son ƙwallo, a makon da jininsa ya yi ƙasa ya haƙura da cunkoson gidan kallo, abokai biyu su zo su kalla tare a waya.

Aikin bai tsaya kan iyali ba. A ɗakunan kemo layi na da tsawo, ma'aikata kaɗan ne, kowa ya sani. Amma tambaya ɗaya ba ta cin minti biyu: "Malam, me kake yi a gida da ke faranta maka rai?" Idan nas ta ji amsar, za ta iya cewa wannan ci gaba, wancan dakata sai kwana na goma sha biyar. Magana ɗaya daga mai farin kaya ta fi ƙarfin gardamar ’ya’ya goma. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da cibiyar binciken kansa ta ƙasa, NICRAT, za su iya buga takarda shafi guda da Hausa, a boko da ajami, mai nuna kwanakin hatsari da kwanakin walwala, a maƙala ta a jikin katin asibiti, a kuma aika wa Babban Asibitin Rano da ƙananan asibitocin Kibiya, inda mara lafiya zai fara zuwa idan zazzaɓi ya taso cikin dare. Gidajen rediyon Kano da ke sayar da awa guda ga masu tallan maganin daji na gargajiya su ma za su iya ware minti goma ga wannan.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun iyali ba ya buƙatar sa hannun kowa. Safar hannu ta roba ana samunta a kasuwar Rano. Masu tura waƙoƙi a waya suna nan a bakin tasha. Irin alayyahu kuwa, idan aka watsa shi ranar da aka dawo daga zagayen kemo na farko, kafin a je na uku ya isa miya.