Lasifika Ce Bakin Jita: Shawara Ga Masu Sayen Kayan Kiɗan Zamani

Duk wanda ya saba zagawa kasuwar Alaba ta Ikko, wajen masu sayar da kayan sauti, ya san irin cinikin da ake yi a wurin. Saurayi makaɗin jita zai yi shekara guda yana tara ɗan abin da yake samu a wuraren biki da otel-otel, ya zo ya zube shi gaba ɗaya a kan na'urar nan ta zamani mai kwaikwayon amon amfilifaya, sa'an nan da canjin da ya rage ya ce a ba shi kowace irin lasifika, muddin tana da ƙara. Ran Asabar ya hau dandali, sai amon nan mai daɗi da ya ji a shago ya koma kamar ana kiɗa a cikin tulu, ko kuwa ya riƙa tsiwa yana sukar kunnen jama'a. Daga nan sai zargi ya hau kan na'ura, a ce jabu ce, ko a ce kayan kwamfuta ba su da rai, alhali kuwa laifin ba nata ba ne.

Gaskiyar magana ita ce, na'urar ba ta da baki. Abin da jama'a ke ji duka ta lasifika yake fitowa, lasifikar kuma amfilifaya ce ke tura ta. Saboda haka kamata ya yi makaɗi ya yanke shawara a kan waɗannan abubuwa biyu tun kafin ya taɓa aljihunsa, ya kuma ware musu rabonsu na kuɗi da gangan, kada su zama abin da za a saya da ragowa.

Waɗannan na'urori dai ba yau suka fara ba. Kamfanin Line 6 na Amurka ya fito da ƙaramar ja ɗin nan mai suna POD a 1998, Fractal Audio ya kawo Axe-Fx a 2006, Kemper na Jamus ya biyo baya a 2011, Line 6 ya sake fitowa da Helix a 2015, sa'an nan Neural DSP na ƙasar Finland ya soma sayar da Quad Cortex a 2021. Aikinsu ɗaya ne, watau su kwaikwayi tsofaffin amfilifayoyin jita masu kwalaben gilashi, irin na Fender da Marshall da Vox, ta hanyar lissafin kwamfuta. Akwati guda da za a rataya a kafaɗa ya ƙunshi amon amfilifaya da dama waɗanda a da sai an cika mota da su.

To, amma tsohuwar amfilifayar jita sassa uku gare ta. Akwai sashen gaba mai tsara amo, akwai sashen ƙarfi mai tura shi, akwai kuma akwatin lasifika. Na ukun nan shi ne mutane suka fi rainawa, shi ne kuwa ya fi sauya amon. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma lasifikar jita mai faɗin inci 12 takan soma yin sanyi ne daga wajen girgiza 5,000 zuwa sama, a ƙasa kuma ba ta wuce wajen 70 ko 80 ba, daidai da tsirkiya mafi kauri ta jita wadda ke girgiza sau 82 a daƙiƙa. Wannan gazawa tata ita ce amfaninta, domin ita ke tace tsiwar nan da amfilifaya ke haifarwa idan an matsa mata, ta bar amo mai zaƙi.

Masu ƙera na'urorin kwaikwayo sun san da haka, don haka suka sa kwaikwayon akwatin lasifika a cikinsu. Yadda ake yi shi ne, a kafa makirufo a gaban akwati na gaske, galibi irin Shure SM57 da aka soma yi tun 1965, a ɗauki yadda akwatin ke amsa sauti, a adana a na'ura. Shi ne abin da ake gani an rubuta wa IR. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma dole makaɗi ya zaɓi ɗaya. Ko dai ya bar kwaikwayon akwati a kunne, ya jona na'urarsa da lasifika mai fitar da dukan sauti ba ƙari ba ragi, irin wadda ake rubuta wa FRFR ko kuwa lasifikar taro mai amfilifaya a cikinta, ko kuma ya kashe kwaikwayon, ya jona da amfilifayar ƙarfi da akwatin lasifikar jita na gaske.

Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya bar kwaikwayon a kunne, ya kuma shigar da shi akwatin jita na gaske, ya tace amonsa sau biyu ke nan, shi ne zai ji kiɗansa ya dushe kamar an lulluɓe shi da bargo. Wanda kuma ya kashe kwaikwayon ya shiga lasifikar taro, ya buɗe wa tsiwa ƙofa, domin ƙaramar lasifikar nan ta siririn amo da ke cikin akwatin za ta fitar da duk abin da lasifikar jita ke ɓoyewa. Mafi yawan kukan da ake yi da waɗannan na'urori daga ɗaya cikin kura-kuran nan biyu yake, kuma maganinsa maɓalli ɗaya ne, ba ya cin ko kwabo.

Wace hanya ce ta fi? Ga makaɗin da kiɗa ne abincinsa a ƙasar nan, hanya ta farko ta fi dacewa. Mutumin da zai buga hailaif a bikin aure da rana, ya buga juju ko rege a otel da dare, ran Lahadi kuma ya raka mawaƙan majami'a, yana bukatar amo iri-iri, kuma don wannan ne ya sayi na'urar tun farko. In ya ɗaure ta da akwatin jita guda ɗaya, to, kowace amfilifaya ya zaɓa za ta fito da muryar wannan akwatin. Bugu da ƙari, a manyan wurare jama'a ba daga akwatin makaɗi suke ji ba, daga manyan lasifikun taro suke ji, bayan sautin ya bi ta miksa. In abin da ke gaban makaɗi irin wanda ke gaban jama'a ne, duk gyaran da ya yi wa amonsa zai isa gare su kamar yadda ya nufa. Ga kuma sauƙin ɗauka: akwatin Marshall mai lasifika 4 ya haura kilo 35, wanda kuwa ya taɓa neman motar haya a Oshodi da irin wannan kaya ya san abin da ake nufi.

Sai dai masu son akwatin jita na gaske suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta. Abin da kwaikwayo ke bayarwa shi ne amon akwati kamar yadda makirufo ya ji shi, watau irin na faifai. Wanda ya yi shekaru yana tsayawa a gaban akwati, iskarsa na bugun ƙafafunsa, tsirkiyoyin jitarsa suna amsa masa, zai ji wani abu ya ɓace, kuma ba ƙarya ya yi ba. Irin wannan makaɗi, musamman in salonsa ɗaya ne kuma amo ɗaya yake nema, ya sayi akwatinsa da amfilifayar ƙarfi hankali kwance. Manyan na'urorin ma suna da ƙofofin fita fiye da ɗaya, ta yadda zai iya aika amo mai kwaikwayon akwati zuwa miksa, ya aika marar kwaikwayo zuwa akwatinsa na dandali. Kowa ya sami nasa ke nan.

Wanda ya bi wannan hanya ta biyu sai ya zaɓi amfilifayar ƙarfi, kuma nan ma akwai inda ake ɓata. Mai kwalaben gilashi tana da daɗi, amma tana ƙara wa amo launinta, alhali na'urar ta riga ta kwaikwayi wannan launi, ga nauyi, ga zafi, ga kwalaben da ke tsufa a sauya su da kuɗin waje, kuma in aka kunna ta aka yi kiɗa ba a jona lasifika ba tana iya lalacewa. Ta taransista irin ta zamani, wadda ake kira ajin D, ba ta da nauyi, ba ta cin wuta da yawa, kuma abin da aka ba ta shi take fitarwa. Ita ce ta fi dacewa da na'urar kwaikwayo. Sharaɗinta ɗaya, ta kasance tana da rarar ƙarfi, domin ita in aka kai ta maƙura amonta yayyagewa yake yi, ba ya yin zaƙi irin na mai kwalabe.

Wannan ya kawo maganar wat, inda 'yan kasuwa suka fi cin ƙauyanci. Za a ga an rubuta wat 2,000 a jikin kwali da manyan baƙaƙe, alhali wannan ƙarfin ƙiftawar ido ne kawai. Abin da za a tambaya shi ne ƙarfin da take iya riƙewa a jere, wanda ake rubuta wa RMS. Sa'an nan a sani cewa ninka wat ba ya ninka ƙara. Daga wat 50 zuwa 100 desibel 3 kacal ake ƙaruwa da shi, kafin kunne ya ce ƙara ta ninka kuwa sai an ninka wat wajen sau 10. Ingancin lasifika ma yana yin wannan aiki. Lasifika mai ba da desibel 100 da wat ɗaya, kamar Vintage 30 da kamfanin Celestion na Ingila ya fitar a 1986, za ta yi ƙara da wat 50 daidai da abin da mai desibel 97 za ta yi da wat 100. Ashe wanda ya sayi lasifika mai kyau ya sayi rabin amfilifaya.

Akwai kuma lambar om, wadda ke nuna yadda lasifika ke tare wutar da ake tura mata, galibi 4 ko 8 ko 16. Amfilifayar taransista ƙarfinta raguwa yake yi yayin da om ke ƙaruwa. Misali, amfilifayar da ke cikin Kemper mai ƙarfi tana ba da wat 600 a om 8, amma 300 a om 16, PowerStage 170 ta Seymour Duncan kuma wat 170 ɗinta a om 4 ne. Akwati biyu masu om 8 in an jona su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 4, kuma duk wanda ya sauka ƙasa da abin da aka rubuta a bayan amfilifaya yana neman ƙona ta. A ɗaya gefen, Vintage 30 guda ɗaya wat 60 take ɗauka, wanda ya sake mata wat 600 kuwa zai ji ƙaurin hayaƙi kafin a tashi daga biki. Wayar jita ma ba ta aikin wayar lasifika, siririya ce, zafi take yi.

Game da siffar akwatin, mai lasifika ɗaya ko biyu ya wadatar da kusan kowane dandali da ke da lasifikun taro. Mai buɗaɗɗen baya yana watsa amo ko'ina, har mai ganga da ke baya ya ji, shi ya sa ya dace da tsabtataccen amon hailaif da juju. Mai rufaffen baya ya fi kauri da naushi, amma yana harba amonsa gaba kamar fitilar mota, na tsaye a saitinsa ya sha tsiwa, na gefe bai ji kome ba. Ko wanne aka saya, a ɗaga shi ko a karkata shi ya fuskanci kunnen makaɗi, gama gwiwa ba ta ji.

Abin da littattafan kamfanonin waje ba sa faɗa shi ne halin wutar ƙasar nan. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, saboda haka duk wanda zai sayi kayan gwanjo ya duba bayan akwati tukuna, in 120 kaɗai aka rubuta, to, sai da taransifoma. Wutar da jama'a har yanzu ke kira nefa, ko da yake hukumar ta sauya suna tun 2005, tana hawa tana sauka, janaretan wurin biki kuma ya fi ta rashin tabbas. Sitabilaiza mai kyau da abin tare tsallen wuta suna cikin kuɗin kayan tun farko. Kuma a riƙa kunna amfilifaya a ƙarshe, a kashe ta da farko. Rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe, kada a yi cinikin biri a sama. Makaɗi ya tafi kasuwa da jitarsa da na'urarsa, ya gwada da ƙarar da zai yi aiki da ita. Tun 1933 masanan nan biyu na Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunne ba ya jin kaurin amo da siririnsa sosai in sauti ya yi ƙasa, shi ya sa amon da aka tsara a ɗaki da tsakar dare yakan yi gurnani da tsiwa in an ɗaga shi a dandali. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, a bar masa kayansa. A sauran ciniki gani ne ke korar ji, amma a wannan, ji ne ya kamata ya kori gani, kuma sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.