Kula Da Lafiyar Ƙwaƙwalwa Ta Wayar Salula: Kada A Manta Da Mazauna Ogui

Jama'a, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta zama abokiyar zaman kowa. A yau babu mahauci ko mai shayi ko maigadi a Ogui da ba ya riƙe da ita. Wasu manyan biranen duniya sun lura da haka, sun mayar da ita hanyar kai taimako ga masu fama da damuwa. Alal misali, a 2017 birnin Landan ya buɗe wani shiri mai suna Good Thinking, inda mazaunin birnin da ke fama da rashin barci ko fargaba ko ƙuncin zuciya zai shiga intanet ya nemi shawara kyauta. Ra'ayinmu shi ne Inugu ma tana bukatar irin wannan, amma da sharaɗin a tsara shi domin duk mazauna garin, har da mu.

Bukatar ba ɓoyayya ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 200. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a New Haven, tafiya kaɗan daga Ogui, amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa taka ƙofarsa kafin ciwo ya yi nisa? Ga shi kuwa kayan da ke kanmu ba kaɗan ba ne. Wani ya baro iyali a Zamfara ko Katsina, kullum gabansa na faɗuwa in waya ta yi ƙara, don tsoron labarin 'yan bindiga. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021 ya karya jarin mutane da yawa. Waɗanda suka ga rikicin Anacha na Fabrairun 2006 kuwa, har yanzu akwai masu firgita cikin barci. Da yawa daga samarinmu da suka faɗa shan tiramadol, damuwa ce ta fara kai su.

Abin da muke nema ba alfarma ba ne. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Bugu da ƙari, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da ta fara aiki a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tabbatar wa maras lafiya haƙƙin samun magani ba tare da wulaƙanci ba. Garin da Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajinsa na farko a shekarun 1950, bai kamata ya ɗauke mu baƙi ba.

To, me muke so a lura da shi?

Na farko, harshe. Mutuminmu ba zai kira sunan ciwonsa yadda likita ya karanta a littafi ba. Cewa zai yi tunani ya yi masa yawa, ko kansa na zafi, ko an yi masa sammu. Wanda bai san waɗannan kalmomi ba zai ba shi maganin ciwon kai ya sallame shi. A Zimbabuwe, shirin Friendship Bench na Dokta Dixon Chibanda ya yi nasara ne domin ya horar da tsofaffin mata su saurari mutane da harshen Shona, da kalmar da su kansu suke amfani da ita, wato yawan tunani. Tilas shirin Inugu ya ji Ibo da Hausa da Turancin buroka.

Na biyu, murya ta fi rubutu. Yawancinmu ƙaramar waya gare mu, wasu kuma ajami suka iya, ba boko ba. Lambar da za a kira kyauta, da saƙon murya, sun fi mana manhajar da ke cin data.

Na uku, sirri. Kada a tambayi mai kira jiharsa ta asali ko takardar shaidar ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta riga ta shimfiɗa ƙa'ida, sai a bi ta. Ranar da aka ji cewa maganar wani ta fita, daga ranar babu mai sake kira. Matanmu da ke cikin gida su suka fi kowa bukatar wannan amana.

Na huɗu, waya ba likita ba ce. Aikinta ta nuna hanya. Dole a bayanta a samu ma'aikacin lafiya da zai karɓi mutum, a kuma gaya masa tun farko nawa zai kashe.

Mu ma akwai gyara a gabanmu. Ɓoye maras lafiya a ɗaki, ko ɗora shi a motar shanu a mayar da shi gida a ɗaure, zalunci ne. Kowa ya tuna mutane fiye da 300 da 'yan sanda suka kuɓutar a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasunsu da mari a ƙafa. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, kuma limamanmu ne suka fi dacewa su faɗi haka a kan mumbari.

Saboda haka muna kira ga Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin mata su haɗa sunayen ma'aikatan jinya da ɗalibanmu masu jin Hausa, a miƙa wa Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Inugu tare da waɗannan sharuɗɗa a rubuce. 'Yan'uwanmu na Anacha da Fatakwal su ma su yi haka a jihohinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ba mu faɗa ba, babu mai faɗa mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.