Hoton Zazzaɓin Wata

Ran 27 ga Yuli 2018 wata ya yi zazzaɓi mafi tsawo a wannan ƙarni, awa 1 da minti 43 yana ja wur. Yaran Fagge sukan ce rana ce ta kama shi. Mu kuwa a Sabon Gari sai ɗaga waya, hoto ya fito kamar ƙwayar gero.

Iyaye, wani karon mu aro kyamara mai dogon gilashi, na milimita 300. Mu kafa ta bisa ƙafafu uku, gama in wata ya yi ja haskensa kaɗan ne, hannu kuwa rawa yake yi. Mu ɗauka tun inuwa tana rabi, yara su ga bakinta a lanƙwashe. Inuwar duniyarmu ce.