Waiwaye: Akwatin Baba da Eriyar Tagulla

Wanda ya tashi a Titin Bauchi a shekarun 1980 ya san asubar Jos: sanyi na ratsa ƙashi, kuma kafin ruwan shayi ya tafasa rediyo ya riga ya fara magana. Namu National Panasonic ne mai cin manyan batura huɗu, har rigar fata aka ɗinka masa. Eriyarsa ta karye tun ban yi wayo ba, sai Baba ya kwance wayar tagulla daga wata matacciyar fanka, ya ɗaura a gora, ya kafa bisa kwano. Da wannan 'yar wayar muke kamo Landan, wadda ta soma magana da Hausa tun 1957, da Jamus, da Muryar Amurka da ta biyo baya a 1979. Kaduna kuwa a lokacin tana nan daram a mita 49.

Baba bai yi boko ba, amma ya san da rana mita 16 ko 19 ake nema, in dare ya yi a koma 41 ko 49. Sai da na girma na gane cewa muryar gajeren zango sama take hawa, ta daki wani rufi na iska, ta dawo ƙasa, kuma rufin nan yana sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta.

In akwatin ya yi shiru, ni ake aika wa mai gyara kusa da tashar mota. "Yaro, riƙe min nan," in ji shi, yana narka dalma. Dalmar nan da kuza ake haɗa ta, irin wadda aka yi shekaru ana haƙa a tudun nan namu. A teburinsa na koyi cewa abin da ya lalace buɗe shi ake yi a duba.

Yau wayar salula ta karɓe kunnuwanmu, kuma ban raina ta ba. Amma a Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, mai rediyo bai rasa labarin duniya ba.

Mai karatu, in akwatin mahaifinka yana ƙarƙashin gado, kada ka bai wa 'yan gwangwan. Kai shi gyara, ka tafi da ɗanka ya taya mai gyaran riƙe waya.